Kabarin Yesu Ba Karin Magana Ba Ne: Martani Ga Mai Cewa a Zuciya Kawai Ya Tashi

Cikin rubuce-rubucen da suka fito a lokacin Ista akwai guda da na kasa wucewa ban tanka ba. Mai shi ɗan'uwanmu ne Kirista, mai ilimi, alƙalaminsa kuma da zaƙi. Ba zan kama sunansa ba, tunda da maganarsa nake. Zan kira shi Malam, ya kuwa cancanci sunan.

Abin da Malam ya ce, in na taƙaita shi tsakani da Allah, shi ne lokaci ya yi da Kirista zai daina rataya bangaskiyarsa a kan cewa jikin Yesu ya tashi ya bar kabari. A ganinsa almajirai sun watse cikin tsoro da kunya, daga baya zukatansu suka farfaɗo, suka gane cewa koyarwar Ubangijinsu ba ta mutu ba, to wannan farfaɗowar ce suka kira tashi daga matattu. Dutsen da aka mirgine, da mala'iku, da likkafanin da aka tarar a ajiye, duk ado ne na masu ba da labari. Abin riƙewa shi ne darasin, wato alheri yana rinjayar mugunta, kuma bayan duhu akwai wayewar gari. Ya ƙara da cewa in muka karɓi wannan fahimta, 'ya'yanmu da suka yi zurfi a boko za su daina zamewa daga ikilisiya, gardama da maƙwabtanmu Musulmi kuma za ta yi sauƙi.

Malam, wannan hanya an daɗe ana binta. A 1941 malamin tauhidin nan na Jamus, Rudolf Bultmann, ya yi wata lacca da ta girgiza ikilisiyoyin Turai, inda ya ce mutumin da ke kunna lantarki yana sauraren rediyo ba zai iya gaskata duniyar al'ajibai ta Sabon Alkawari ba. A 1994 wani bishop na Amurka, John Shelby Spong, ya fitar da littafi guda a kan cewa abin da ya faru wayewar zuciya ce da ta sauko wa Bitrus a Galili. Amma tun kafin su duka, a birnin Koranti, an samu masu bi da suka ce babu tashin matattu, kuma amsar da suka samu tana nan a rubuce.

Manzo Bulus ya rubuta musu daga Afisa wajen shekara ta 54 ko 55, kimanin shekara ashirin da biyar ke nan bayan gicciye. Mutanen nan ba su bar taron sujada ba, ba su ƙi koyarwar ƙauna ba, suna ma alfahari da baye-bayen Ruhu. Da a ce darasin kaɗai ya wadatar, da Bulus ya lallashe su ya ce su riƙe darasin, sauran ba dole ba ne. A sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari sai ya bi ta wata hanya mai kaushi. Ya ce musu in dai Almasihu yana kwance a kabari, wa'azin manzanni iska ne, bangaskiyar masu ji ma haka. Su manzannin sun zama masu yi wa Allah shaidar zur. Zunubi yana nan daram a wuyan kowa. Waɗanda suka mutu cikin bangaskiya sun tafi ke nan. Masu bi kuma sun fi kowa zama abin tausayi a duniya. Duba wannan magana ta shaidar zur da kyau. Ba a kama mutum da shaidar zur don ya yi karin magana. Ana kama shi ne in ya ce ya ga abu ya faru alhali bai faru ba. Bulus da kansa ya ajiye maganar a inda za a iya ƙaryata ta.

A farkon surar kuma ya kawo abin da ya ce shi ma karɓa ya yi daga na gabansa: an kashe Almasihu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, da Yakubu, da sauran manzanni. Game da 500 ɗin nan har ya ce yawancinsu suna da rai, wato mai shakka ya je ya tambaya. Me ya kawo maganar binnewa a tsakiya, in ba don a nuna cewa abin da aka sa a ƙasa shi ne abin da aka tasar ba? A wasiƙarsa ga Galatiyawa Bulus ya ce shekara uku bayan tubansa ya je Urushalima ya yi kwana 15 a wurin Bitrus, ya kuma ga Yakubu. Su biyun suna cikin jerin shaidun. Ba hirar damina suka zauna yi ba.

A nan ina so Malam ya san wani mutum, Gerd Lüdemann, wanda ya koyar da Sabon Alkawari a Jami'ar Göttingen. Shi bai yarda Yesu ya tashi ba, ya ce wahayin ido ne irin na mai baƙin ciki ya kama Bitrus. Duk da haka ya amince cewa wannan jerin da Bulus ya kawo ya samo asali ne cikin shekara biyu zuwa uku bayan gicciye, don haka zancen a ce labari ne da ya yi ta kumbura tsawon zamanai bai taso ba. Abin da ya fi burge ni da shi, da ya kai ga wannan matsayi bai ci gaba da fakewa da kalmomin ikilisiya ba. Ya fito fili ya ce shi ba Kirista ba ne kuma, ya soki abokan aikinsa masu furta aƙida ranar Lahadi da wata ma'ana daban a ransu. Ban yarda da hukuncinsa ba, amma ya fi masu tsaka-tsaki fahimtar nauyin abin da ake magana a kai.

Inda sharhin Malam ya fi rauni shi ne zaton da ya yi cewa Bayahuden ƙarni na farko zai kira farfaɗowar zuciya da sunan tashin matattu. Mutanen nan suna da hanyoyi da yawa na faɗin cewa mamaci yana wurin Allah, ko ruhunsa ya ziyarce su. A Ayyukan Manzanni sura 12, da baranyar nan Roda ta ji muryar Bitrus a bakin ƙofa, waɗanda ke cikin gida suna zaton yana kurkuku sai suka ce mala'ikansa ne. Ka ga maganar tana nan a bakinsu, a shirye. Tashin matattu kuwa abu ne da suka san shi sarai, har ya raba manyan ƙungiyoyinsu biyu: Farisiyawa sun yarda da shi, Sadukiyawa sun ƙi. Duka ɓangarorin sun san abin da suke gardama a kai, wato jikunan da ke kwance cikin ƙasa su farka a ranar ƙarshe, kamar yadda Daniyel sura 12 ta ambata. Abin da babu wanda ya zata shi ne mutum ɗaya ya riga kowa, a tsakiyar zamani, duniya tana ci gaba da harkokinta, gwamna Bilatus yana kan kujerarsa.

Kuma ba Yesu kaɗai ne Romawa suka kashe yana da mabiya masu sa rai ba. Akwai Yahuza Bagalile da Tudas, waɗanda Gamaliyel ya ambata a gaban majalisa. Akwai Saminu bar Giora, da aka ja shi a titunan Roma aka kashe a shekara ta 71. Akwai Bar Kokhba da ya faɗi a 135. Su ma mabiyansu suna da zuciya, sun yi baƙin ciki, suna tuna maganganun shugabanninsu. Ba a ji ko ɗaya da aka ce ya tashi ba. In an kashe wanda kuka ɗauka Almasihu ne, abu biyu ne: ku watse, ko ku nemi wani, galibi daga danginsa. Ikilisiyar Urushalima tana da Yakubu ɗan'uwan Yesu a hannu, mutum mai kwarjini, ya shugabance ta har aka jajjefe shi a shekara ta 62, kamar yadda Yusufus marubucin tarihin Yahudawa ya rubuta. Ba wanda ya taɓa kiransa Almasihu. Shi kansa Yakubun, wanda Linjila ta nuna bai gaskata da ɗan'uwansa ba a lokacin hidimarsa, me ya juya shi? Bayanin Malam bai taɓo wannan ba.

Sai batun mutumin zamani da lantarkinsa. Akwai raini a cikin wannan magana, ko da mai yin ta bai nufa ba. Tana ɗauka cewa mutanen dā ba su san gawa ba ta tashi ba, sai da aka ƙirƙiro madubin likita. Alhali su ne ke wanke gawa da hannunsu, su naɗe ta, su ɗauka a kafaɗa. Mu ne yau muke barin ta a firijin asibiti. Marta ta gaya wa Yesu kada a buɗe kabarin ɗan'uwanta don kwana huɗu ya yi, zai yi wari. Da matan da suka je kabarin Yesu suka dawo da labari ranar Lahadi, almajirai sun ɗauka tatsuniya ce. Toma ya ce sai ya taɓa. A Atina mutane sun saurari Bulus cikin natsuwa har ya zo kan tashin matattu, nan wasu suka fashe da ba'a. Abin ya yi wa ƙarni na farko wuyar haɗiya kamar yadda ya yi wa namu, manzanni kuma ba su sauƙaƙa shi don a saya ba.

Akwai inda Malam ya faɗi gaskiya, ba zan ɓoye ba. Labaran Linjila huɗu ba su zo daidai da juna a kowane lungu ba. Yahaya ya ambaci Maryamu Magadaliya ita kaɗai, Matiyu mata biyu, Markus uku, Luka ya ƙara wasu. A wani wuri mala'ika ɗaya, a wani biyu. Tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na huɗu, na Sina'i da na Batikan, sun tsayar da Markus a 16:8, inda matan suka gudu cikin tsoro. Duk fasto mai gaskiya ya kamata ya iya faɗin wannan a gaban matasa ba tare da gumi ya karyo masa ba. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san shaidu huɗu da suka zo da magana ɗaya har waƙafi, alƙali zarginsu yake yi da haɗa baki. Abin da huɗun suka haɗu a kai shi ne abin da mai ƙirƙira zai fara gogewa, wato mata ne suka fara zuwa. Yusufus ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mata a shari'arsu. Wajen shekara ta 178 wani mai sukar Kiristanci, Kelsus, ya yi dariyar cewa addinin ya tsaya ne a kan maganar mace mai taɓin hankali. Wanda ya zauna tsara ado don ya shawo kan jama'a, da Bitrus zai tura kabarin da asuba, ko Yusufu na Arimatiya, ɗan majalisa.

Haka nan na yarda cewa ilimin tarihi ba zai kama hannun mutum ya kai shi ga bangaskiya ba. Iyakarsa ya nuna abin da shaidun suka ce, da lokacin da suka faɗa, da abin da faɗin ya jawo musu. Mutum yana da 'yancin ya ce sun ruɗe. Abin da ba shi da 'yanci a kai shi ne ya sa musu magana a baki, ya ce ai da ma misali suke nufi. Luka ya nuna Yesu yana tambaya ko akwai abinci, aka miƙa masa gutsuren gasasshen kifi, ya ci suna kallo. Yahaya ya nuna shi a bakin tekun Galili da sassafe, ga garwashi, ga kifi a kai, ga gurasa, yana kiran masunta da suka kwana a ruwa su zo su karya kumallo. Wanda ya rubuta haka yana toshe ƙofar da Malam yake son buɗewa ne, da gangan.

In kuwa abin da Malam yake gudu shi ne a ɗauka gawa ce ta miƙe ta koma rayuwar da ta bari, to muna tare. Wannan shi ne na Li'azaru, wanda ya fito da likkafaninsa, ya tsufa, aka sake yi masa jana'iza. Na Yesu daban ne. Jiki ne da ake taɓawa, tabon ƙusa yana nan, amma mutuwa ba ta da sauran iko da shi. Bulus ya kira shi nunan fari. Manomi ya san wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ran da aka karyo tumu na farko aka gasa, yara suna murza shi a tafin hannu suna hurawa, rumbu bai cika ba tukuna, yunwar bazara ma ba ta gama sakin gida ba, amma kowa ya san gonar ta yi. Tumun kuwa gero ne na gaske, irin wanda za a girbe. Da hoton gero aka kawo, ba wanda zai saki ransa.

Malam ya ce darasin zai tsaya ko ba kabarin. Wane darasi? Cewa alheri yana rinjayar mugunta? In Yesu ya ruɓe a ƙasa, labarinsa akasin haka yake koyarwa: mutumin kirki ya faɗi gaskiya, manya suka haɗa kai, aboki ya sayar da shi, gwamna ya wanke hannu, aka kashe shi, shi ke nan. Gicciye hukuncin Roma ne a kan bayi da 'yan tawaye, a Attaura kuma wanda aka rataye a itace la'ananne ne. Kotu biyu ke nan suka yanke. Tashin shi ne Allah ya soke hukuncin, ya tabbatar da wanda aka ƙi. Shi ya sa a Romawa sura 4 Bulus ya ɗaure kuɓutarmu da tashin, bai tsaya a mutuwar kaɗai ba. Cire shi, gicciye ya koma abin juyayi irin na kowane adali da aka zalunta, tarihi kuwa cike yake da su.

Masu tsananta wa ikilisiya sun fahimci wannan fiye da wasu malamanta. A shekara ta 177 a birnin Liyon, a ƙasar da ake kira Faransa yau, an kashe masu bi, cikinsu har da wata baiwa mai suna Blandina. Wasiƙar da ikilisiyar ta rubuta, wadda Yusibiyus marubucin tarihin ikilisiya ya adana, ta ce an bar gawawwakin kwana shida a fili ana gadi, sannan aka ƙone su, aka share tokar aka zuba a kogin Ron, musamman don a yanke musu begen tashi. Ba wanda zai sha wannan wahala don ya hana misali tashi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban CAN na Michika, aka kashe shi. Iyalai da yawa a Borno da Adamawa ba su ma samu gawar nasu sun binne ba. Ko a inda aka samu, Malam ya san yadda abin yake. An sauke akwati da igiya, samarin da suka haƙa ramin suna tsaye da shebur, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Zumuntar mata, cikin ankonsu, sun ja waƙa murya na rawa. Gwauruwa tana zaune a tabarma, wata ta riƙe mata kafaɗa, ƙaramin yaron yana kallon ramin bai gane ba. Fasto ya ɗebi ƙasa a hannu. A wannan lokacin me zai ce, in ya karanta sharhin Malam ya gamsu? Ya ce mata koyarwar mijinta za ta rayu a zukatanmu? Wanda ya harbe shi ma zai iya yarda da haka, bai rage masa komai ba. Abin da ikilisiya take faɗa a bakin rami tun farko ya fi haka tsauri: wannan jikin da aka lalata, Allah zai tashe shi, mai kisan bai yi maganar ƙarshe ba, kuma akwai shari'a. Ko dai gaskiya ne, ko kuwa a daina faɗa wa gwauraye.

Kada kuma a ce wannan bege yana sa mutum ya naɗe hannu yana jiran lahira. Dubi inda Bulus ya kai doguwar surarsa. Ya rufe ta da cewa su dage da aiki don wahalarsu ba za ta tafi a banza ba, daga nan sai ya shiga maganar tara gudummawa ranar farko ta mako domin matalautan Urushalima. In Allah zai tashi jiki, to cikin da ke jin yunwa da ƙafar kuturu suna da daraja a wurinsa tun yanzu. Ita kanta ranar farko ta makon abin tambaya ce. Yahudawan da suka gāji Asabar daga kakanni, me ya sa suka fara taruwa ran Lahadi?

Game da maƙwabtanmu Musulmi, ina ganin Malam bai lura da inda bambancin yake ba. Musulmi bai taɓa samun matsala da cewa Allah yana tashin jiki ba. Imani da Ranar Lahira yana cikin shika-shikan imaninsa, ƙarshen Suratu Yasin ma amsa ce ga mai tambayar wa zai rayar da ƙasusuwan da suka rududduge. Inda muka rabu shi ne gicciye, domin aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. To Kiristan da ya je masa da cewa an kashe Yesu, ya kuma zauna a mace, ya ƙara nisa ne da shi ta fuska biyu. Zaman lafiya da na sani a unguwanninmu, inda ake aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti, ba a gina shi a kan wani ya rage addininsa ba. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya riƙe, ana kuma gaisawa.

'Ya'yanmu 'yan boko kuwa, ba a riƙe su da ragi. Yaron da ya karanta kimiyya yana gane lokacin da babba yake faɗin abin da bai gaskata ba. In aka ce masa kabarin misali ne, tambayarsa ta gaba ita ce don me zai tashi da sassafe ran Lahadi saboda misali, ga littattafan ba da ƙwarin gwiwa cike da kasuwa. Abin da yake bukata shi ne a buɗe masa Markus 16 da 1 Korantiyawa 15 a gabansa, a nuna masa wuraren da ke da wuya, a bar shi ya yi tambaya ba tare da an ce ya yi saɓo ba.

Malam, kai ma kana tsayawa cikin jama'a kana furta aƙidar da aka kammala a Kustantiniya a shekara ta 381, wadda ta ƙare da sa ran tashin matattu. Roƙona gare ka, a rubutunka na gaba ka ɗauki 1 Korantiyawa 15 daga aya ta 3 zuwa ta 20, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ka nuna mana inda Bulus ya ce a zuciya abin ya faru. In ka samu, ka kawo mu gani. In ba ka samu ba, ka gaya wa masu karatunka a fili cewa ra'ayinka ne kake ba su, ba na manzanni ba.